Tambayoyi da Amsoshi Kan Binciken Tattalin Arziki da Samfuran Lissafin Kuɗi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai masu shirin rubuta kundin digiri na biyu ko na uku suke yawan kawowa, wasu kuma sun fito daga ma'aikatan banki da 'yan kasuwa masu son sanin abin da masana ke yi da alƙaluma. Na tattara su wuri guda. Inda magana ke buƙatar labari na kawo labarin, inda ba ta buƙata na taƙaita.

Malam, me ya haɗa tarihin tunanin masana da lissafin kuɗi? Ai kamar fanni biyu ne daban.

A jami'a kam an raba su. Mai nazarin tunanin tattalin arziki yana karanta abin da magabata suka faɗa kan dukiya, farashi, haraji, bashi da aiki, yana bin diddigin yadda ra'ayi ya taso, wa ya ja da shi, da abin da ya faru a duniya har aka sauya shi. Mai ƙera samfuri kuwa yana gaban kwamfuta, so yake ya san nawa kadara kaza ta cancanta yau, ko nawa banki zai yi asara idan kasuwa ta juya. Sai dai duk samfurin da ka gani, akwai ra'ayin da aka binne a ƙarƙashinsa. Wanda ya rubuta a kundinsa cewa mutane na yanke shawara da cikakken hankali da cikakken labarin kasuwa, ba daga alƙaluma ya samo wannan ba, gadonsa ya yi daga wata makarantar tunani. Ɗalibin da bai san tarihin ba zai riƙe gadon kamar nassi. Wannan ne ya fi damuna a ayyukan ɗalibai: lissafi ya yi kyau, amma in ka tambayi mai shi me ya ƙaddara kafin ya fara, sai ya yi shiru.

Shi samfurin, mene ne shi takamaimai?

Ƙaramin hoton abu ne da aka rage masa kaya don a iya yin lissafi da shi. Kana cewa mu ƙaddara kaza da kaza, to idan haka ne, me zai biyo baya? Mai sayen hatsi da kaka ya ajiye zuwa bazara yana da samfuri a kansa: kuɗin saye, kuɗin buhu da magani da ɗakin ajiya, abin da ƙwari za su ci, da farashin da yake tsammani. Masani kawai ya rubuta wannan ne da alamomi don wani ya iya dubawa ya ce ga inda ka kuskure.

A 1949 wani ɗan ƙasar Niyuzilan mai suna A. W. Phillips, yana ɗalibi a makarantar tattalin arziki ta Landan, ya ƙera na'ura mai tsayi kusan mita biyu da tankuna da bututu, ruwa mai launi na zagayawa a ciki a madadin kuɗi. In ka ƙara haraji sai ka ga ruwan wani tanki ya ragu da idonka. Ba wanda ya ɗauka tattalin arzikin Ingila ruwa ne a bututu. Amfanin na'urar shi ne ta nuna inda kuɗi ke shiga da inda suke zurarewa. Samfuran yau a kwamfuta suke, amma matsayinsu bai wuce nan ba.

Da Adam Smith wannan ilimi ya fara?

Yawancin kwasa-kwasai daga littafin wannan masani ɗan ƙasar Sukotilan na 1776 suke farawa, domin shi ya tattara batun rabon aiki, kasuwa da ciniki tsakanin ƙasashe cikin tsari guda. Amma an daɗe ana tunani kafin shi. Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid Kitabul Kharaj, inda ya fifita karɓar wani kaso na amfanin gona a kan ƙayyadadden haraji da ba ya la'akari da ko damina ta yi kyau. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya lura a Muƙaddima cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma baitulmali na cika, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi nauyi amma abin da ake tarawa ya ragu, saboda mutane sun daina ganin ribar wahalarsu. Masanan Amurka sun yi ta muhawara kan wannan batu a shekarun 1970 da 1980.

A nan gida ma akwai abin tonawa. Shaihu Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki a ƙarshen ƙarni na 15, har da hanyoyin tara dukiyar hukuma da kashe ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya soki harajin da sarakunan Haɓe ke ɗora wa talakawa, ya ambaci jangali da sunansa. Ɗalibin da ya iya Larabci kuma ya karanci tattalin arziki yana da fili a nan wanda kaɗan ne suka nome shi. Gargaɗina ɗaya ne: kada ka tilasta wa malaman da su faɗi abin da Keynes, masanin tattalin arziki ɗan Ingila, ya faɗa a 1936 don kawai ka nuna mun riga Turawa. Karanta su a kan tambayoyin zamaninsu, ya fi mutunta su.

Yaushe lissafi mai zurfi ya shiga kasuwar kuɗi?

Da wani kundin digiri da aka yi watsi da shi. A 1900 Louis Bachelier ya kare kundinsa a birnin Paris a gaban babban masanin lissafi Henri Poincaré. Ya ɗauki hawa da saukar farashi a kasuwar hannun jari kamar tafiyar da ba ta da alƙibla, taku gaba taku baya, ba mai iya cewa ga inda na gaba zai faɗa. Shekara biyar bayan haka Einstein ya yi amfani da irin wannan lissafi kan motsin ƙananan ƙwayoyi a ruwa. Aikin Bachelier ya kwanta fiye da shekara 50, sai a shekarun 1950 Paul Samuelson da wasu suka farfaɗo da shi.

Sai Harry Markowitz a 1952, yana ɗalibi a Jami'ar Shikago. Kafin shi ana duban kowane jari shi kaɗai, a ce wannan mai riba ne, wancan mai kasada ne. Shi ya nuna da lissafi cewa abin dubawa shi ne yadda jarin ke motsi tare: in ka haɗa waɗanda ba sa faɗuwa lokaci guda, kasadarka za ta ragu ba tare da ribar ta ragu daidai da haka ba. An ba shi kyautar Nobel a 1990.

Na uku shi ne lissafin Fischer Black da Myron Scholes na 1973, wanda Robert Merton ya faɗaɗa. Ya shafi yarjejeniyar zaɓi, wato ka biya ɗan wani abu yau don ka sami damar sayen kaya a kan farashi kaza nan da wata uku. In farashin kasuwa ya haura sai ka saya, in ya faɗi ka haƙura da abin da ka bayar. Ta ɗan yi kama da kafin alƙalami. Tambayar da ta gagara ita ce nawa ya dace a biya don wannan dama, su kuma suka kawo amsa. A watan Afrilun shekarar aka buɗe kasuwar irin wannan yarjejeniya a Shikago, kafin a jima dillalai sun rungumi lissafin.

To idan gwanaye ne suka ƙera su, me ya sa ake karyewa da su?

Domin abin da aka ƙaddara yana riƙewa ne a ranakun lafiya, ya saki a ranar tsiya, ranar kuwa ita ce ake buƙatarsa.

Yawancin samfuran nan sun ƙaddara cewa farashi na motsi kaɗan-kaɗan, babban tsalle kuwa abu ne da da wuya a gani. Tun 1963 Benoit Mandelbrot ya bi tsofaffin alƙaluman farashin auduga ya nuna manyan tsallen sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ba a saurare shi sosai ba, don lissafinsa ya fi wuyar sarrafawa. Ran 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin farashin hannayen jari na Amurka mai suna Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin 100 a yini ɗaya, abin da a bisa waɗancan samfura bai kamata ya faru ba ko da a shekaru miliyoyi.

Labarin da nake so kowane ɗalibi ya sani shi ne na kamfanin zuba jari na LTCM. John Meriwether ya kafa shi a 1994, Scholes da Merton na cikin abokan tarayya, kuma a 1997 aka ba su biyun kyautar Nobel (Black ya riga ya rasu a 1995). Dabararsu ita ce neman takardun bashi biyu masu kama da juna da farashinsu ya ɗan bambanta, su sayi mai arha su sayar da mai tsada, su jira giɓin ya rufe. Ribar kowace ƙarama ce, don haka suka ci bashi mai yawa, kusan dala 25 a kan kowace dala ɗaya tasu. Ran 17 ga Agusta 1998 Rasha ta ce ba za ta iya biyan bashinta na cikin gida ba. Tsoro ya kama masu jari a ko'ina, kowa ya ruga neman mafaka, giɓin da ake jira ya rufe sai ya ƙara buɗewa a kasuwanni da yawa lokaci guda. Kasuwannin da alƙaluman baya suka nuna ba ruwan wannan da wancan, duk suka faɗi tare. Cikin 'yan watanni kamfanin ya yi asarar kimanin dala biliyan 4.6, sai da reshen Babban Bankin Amurka na New York ya tara manyan cibiyoyin kuɗi 14 suka zuba dala biliyan 3.6 don kada gobarar ta ci maƙwabta.

Shekara goma bayan nan aka maimaita da bashin gidaje. Samfuran da aka auna kasadar takardun bashin gidajen da su sun dogara da shekarun da farashin gidaje ke ta hawa, sun kuma raina yiwuwar masu bashi da yawa su kasa biya a tare. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe ran 15 ga Satumba 2008. A Nuwamban shekarar Sarauniya Elizabeth ta ziyarci makarantar tattalin arziki ta Landan ta tambayi malaman yadda aka yi ba wanda ya hango. Akwai wanda ya bayyana irin wannan tun da wuri, Hyman Minsky, wanda ya ce dogon kwanciyar hankali ne ke sa mutane su ƙara cin bashi har tsarin ya yi rauni. Ya rasu a 1996 ba tare da an ba shi muhimmanci ba. Wanda ya karanta tarihin tunani ya san da shi, wanda ya tsaya ga lissafi kaɗai sai bayan ɓarna ya ji sunansa.

Ashe ba gara a watsar da su ba?

A'a. Wanda ya ce ba ya amfani da samfuri yana da nasa a ka, illa dai ba a rubuce yake ba, ba mai iya gyara masa. Abin da ake so shi ne ka san iyakar naka, ka kuma san wani in naka ya gaza. Ran 20 ga Afrilu 2020, lokacin kullen korona, farashin wata yarjejeniyar ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, ya rufe a kan dala 37.63 ta ƙasa, wato mai kaya ne zai biya a ɗauke masa. Lissafin gidan Black da Scholes bai yarda farashi ya sauka ƙasa da sifili ba. Kasuwar CME ta Shikago sai ta koma ga lissafin Bachelier na 1900, wanda ya yarda da hakan.

Me ya sa manufar gwamnati ke yin aiki a takarda ta ƙi yi a ƙasa?

Kifi na ganinka mai jar koma. Phillips ɗin nan mai na'urar ruwa ya nuna a 1958, da alƙaluman Birtaniya daga 1861 zuwa 1957, cewa in rashin aikin yi ya ragu albashi kan hau da sauri. Gwamnatoci suka fahimci cewa za su iya sayen ayyukan yi da ɗan hauhawar farashi. Milton Friedman ya yi gargaɗi a 1968 cewa ma'aikata za su gane su sa hauhawar cikin lissafinsu, a shekarun 1970 kuwa aka ga tsada da rashin aiki sun zo tare. Robert Lucas ya mayar da wannan ƙa'ida a 1976: in ka sauya doka, mutane za su sauya hali, alaƙar da ka auna a ƙarƙashin tsohuwar doka ba lallai ta tsaya ba. Duk mai son auna tasirin sakin darajar naira da aka yi a Yunin 2023 da alƙaluman shekarun da gwamnati ke riƙe da farashin dala, to ya karanta Lucas tukuna.

Ɗalibi zai iya kama kuskuren babban farfesa?

Ƙwarai kuwa, an yi. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka fitar da maƙala mai cewa ƙasashen da bashin gwamnatinsu ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, matsakaicin bunƙasarsu kan koma ƙasa da sifili, wato tattalin arzikin ya ragu da kashi 0.1 cikin 100 a shekara. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihu. Thomas Herndon, ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, aka ba shi aikin aji ya sake yin lissafin wata sananniyar maƙala, ya zaɓi wannan. Ya yi ya yi bai samu amsarsu ba. Ya roƙi marubutan su aiko masa da ainihin jadawalinsu na Excel, suka aiko. Nan ya ga an bar ƙasashe biyar a wajen layukan da aka tara, ga kuma wasu shekaru da aka cire da wata hanyar auna nauyi mai ayar tambaya. A Afrilun 2013 shi da malamansa Michael Ash da Robert Pollin suka bayyana cewa bunƙasa ce ta kashi 2.2 cikin 100, ba raguwa ba. Marubutan sun amsa kuskuren jadawalin, suka tsaya kan cewa bashi mai yawa na tafiya da raguwar bunƙasa. Ya kamata a yaba musu da suka miƙa jadawalin, don ba kowa zai yi ba. Ina ba ɗalibai shawara su fara da irin wannan aiki kafin su ƙirƙiro nasu, yana koyar da abin da lacca goma ba za ta koyar ba.

Alƙalumanmu na Najeriya abin dogaro ne?

Yi aiki da su, amma ka san yadda aka haife su. A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take auna tattalin arziki da ita daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da sassan da suka girma kamar sadarwa da finafinai. Adadin abin da ƙasa ta samar a 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu a takarda. Ba wanda aljihunsa ya ƙaru a ranar, ma'auni ne aka gyara. Gana ta yi irin haka a 2010, nata ya ƙaru da kusan kashi 60. Wanda ya jera alƙaluman shekara 40 a layi ɗaya bai duba inda aka sauya mudu ba, abin da ya fito masa ba amsa ba ce. Matsalar tsohuwa ce: Wolfgang Stolper, wanda ya yi aiki kan shirin raya ƙasa na farko na 1962 zuwa 1968, da ya rubuta littafi kan abin da ya gani, sai ya sa wa littafin suna "Tsarawa Ba Tare da Bayanai Ba".

An taɓa yin bincike a ƙasar Hausa da ya sauya tunanin masana?

An yi, kuma duk masu shi zuwa suka yi da kansu. Daga tsakiyar shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa a Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, suka bi manoman ƙauyukan Zariya suna auna aiki da amfani. A lokacin ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci baya ne. Alƙaluma suka nuna haɗin na biyan manomi, yana kuma rage masa haɗarin tashi a tutar babu. Dabarar Markowitz ke nan, a gona. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, littafinta na 1972 ya nuna ƙauye ba taron matalauta masu hali ɗaya ba ne, akwai mai sayar da hatsi da tsada a bazara, akwai wanda dole ta sa ya sayar da arha da kaka.

Wanda ya fi shafar lissafin kuɗi shi ne aikin Christopher Udry, wanda ya bi magidanta kusan 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 da 1989. Littattafan jami'a sun ce bashi yana buƙatar takarda, jingina da kuɗin ruwa ƙayyadadde. Shi ya tarar ana bashi tsakanin waɗanda suka san juna, galibi ba rubutu ba jingina, kuma abin da ake biya da lokacin biya na sauyawa da halin da aka shiga. In ambaliya ta ci gonar wanda ya ci bashin sai a sassauta masa, in mai bayarwa ne ciwo ya kama gidansa sai wanda ya karɓa ya ƙara himma. Bashin ya zama inshora. Ya kuma nuna kariyar ba cikakkiya ba ce. Maƙalarsa ta 1994 har yau ana koyar da ita. A Nijar kuma Jenny Aker ta bi farashin gero yayin da wayar salula ke shiga kasuwanni tsakanin 2001 da 2006, ta samu bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, don ɗan kasuwa ya daina loda mota a kan jita-jita.

Adashi, bashin fatake da dillalai, canjin naira da sefa a kan iyaka, da masu POS, duk suna nan suna jiran mai jin yaren masu yin su.

Waɗannan samfura sun dace da tsarin kuɗi na Musulunci?

Wasu sun dace, wasu sai an yi musu tiyata. Lissafin Markowitz bai damu da kuɗin ruwa ba, za ka iya amfani da shi kan hannayen jari na halal. Na Black da Scholes kuwa kuɗin ruwa na cikin ƙashin bayansa, ita kanta yarjejeniyar zaɓin malamai da yawa ba su halatta ta ba. Ko cinikin arbuni, wato kafin alƙalami, wanda ya fi kusa da ita, Hambaliyya ne suka yarda da shi, Malikiyya ba su yarda ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk (takardun jari bisa tsarin Musulunci) na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, saboda haka yanzu akwai alƙaluman gida. Tambayar da nake ganin ta fi nauyi ita ce: in bankin Musulunci zai sa ribar murabaha, wato ya sayi kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka bayyana, da me yake aunawa in ba da kuɗin ruwan kasuwa ba? Mai wannan bincike sai ya zauna da malaman fiƙihu zama na gaske, ba ya tsinci ayoyi biyu ya sa a gabatarwa ba.

Wane lissafi da wace manhaja nake buƙata?

Ƙididdiga da ilimin yiwuwa su ne farko, sai aljabara da kalkulas gwargwadon fanninka. Excel ya isa farawa. R da Python kyauta ne, Stata da EViews na kuɗi ne. Kowacce ka zaɓa, kada ka danna maɓallin da ba za ka iya bayyana aikinsa da baki ba ranar kare kundi.

A ina zan buga aikina?

Nemi mujallar da masana ke tantance maƙala kafin a buga, ko da za a dawo maka da ita sau biyu da jan biro. Wadda ta aiko maka saƙo tana alƙawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, guje ta, tabo ce a takardunka. Kai aikinka taron shekara-shekara na Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Najeriya, wadda aka kafa a 1957, ka kuma duba tallafin bincike da horo na cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka ta AERC da ke Nairobi, wadda ke aiki tun 1988. Kafin ka aika ko'ina, ka adana ɗanyen alƙalumanka a wuri biyu, ka rubuta inda ka samo kowanne da ranar da ka sauko da shi, da duk layin da ka cire da dalilin cire shi. Sa'annan ka ba wani abokin karatunka fayil ɗin ba tare da ka gaya masa amsar ba, ka ga ko zai fito da adadin da ka fito da shi.